Ranar da Alhaji Handama Ya Mayar da Gona

Tun da aka yi jana'izar Baba Ilu, Allah Ya jiƙansa, ku yaran ofis kuke tambayata wane irin mutum ne. To, akwai wata rana a Toranke da har yau ba ta fita daga raina ba, ita zan ba ku.

Ni mai ɗaukar sauti ne, wato ni ke riƙe makirufo ina kasa kunne kada kukan akuya ya shiga maganar ɗan wasa. Tare muka fara da Baba Ilu a gidan rediyo, inda ya yi suna a wani wasan mako-mako a matsayin Alhaji Handama, mai cinye gonakin marayu. Da aka koma talbijin aka ga tumbinsa, sai aka ba shi alƙali mai gyangyaɗi ana tsakiyar shari'a. Da fim ya zo kuwa, shi ne uba, shi ne boka, shi ne maigadi. Bai taɓa zama jarumi ba, kuma bai damu ba. Yakan ce jarumi tuwo ne, shi kuwa daddawa.

Da damina muka je ƙauyen Toranke ɗaukar wani fim. Ƙa'ida ita ce, kafin a kafa kyamara a ƙauye sai an gai da dagaci, shi ya haɗa ku da mai unguwa, mai unguwa ya nema muku gida. Muka taso daga Gaya da hantsi. Gidan da aka samo mana na wata tsohuwa ce, Inna Tabawa, wadda idonta ya yi rauni. Rumbuna uku da tsohon zaure, daidai abin da darakta ke nema. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga shi washegari jarumar fim ɗin za ta wuce wani aikin. In ba a ɗauka ranar ba, an yi asarar zuwa.

Mun gama jan waya ke nan, Baba Ilu ya shigo da sallama. Inna ta ajiye gyaɗar da take ɓarewa, ta karkata kai.

"Wannan muryar Handama ce. Ku kwashe kayanku."

Darakta, matashi ne da bai ma san wasan ba, ya shiga yi mata bayani. Mai unguwa ya ba ta haƙuri. Ta ce ita da marigayi mijinta ba sa wuce shirin nan, kuma rana ɗaya aka daina sa shi, alhali Handama bai mayar wa marayun Ladi gonarsu ba. Gaskiya ta faɗa. Masu ɗaukar nauyin shirin ne suka janye, aka rufe shi babu ƙarshe, mu ma mun manta.

Baba Ilu ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gabanta ya ce a ba shi dama ya gyara. Ya ɗaga mini gira, na kunna na'ura. Nan take, ba takarda ba komai, ya shirya kashi na ƙarshe shi kaɗai. Ya yi muryar alƙali, ya yi muryar Handama yana rantse-rantse, ya ƙanƙance murya ya yi ta babbar marainiya. Alƙali ya yanke hukunci a mayar da gona, sai Handama ya marairaice, wai a bar masa gefen da ɗorawa take.

Inna ta buga tafin hannu a tabarma. "Har da ɗorawar!"

"Har da ita, Inna," in ji shi da muryar wanda aka cire wa haƙori.

Mai unguwa ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Da aka lafa, Inna ta ce, "Ɗan nan, na san wasa ne, ni ba yarinya ba ce. Amma Malam, maigidana, har ya rasu yana tambayata ko an mayar."

Baba Ilu, yana nan a durƙushe, ya yi wa Malam addu'a, muka shafa. Ta ce mu yi aikinmu. Muka gama ɗauka, muna naɗe waya ruwa ya sauko. Da za mu tafi ta cika wa Baba Ilu aljihun riga da gyaɗa, ta ce ta san Handama ba ya fita daga gidan mutane hannu rabbana.

A mota bai yi barkwancin da ya saba ba. Sai da muka kusa Gaya ya ce da ni, mu muna shiga ɗaki mu rufe ƙofa mu yi surutu mu tafi gida, ashe maganar tana can zaune a ɗakunan mutane shekara da shekaru.

Abin da na koya ke nan a sana'ar nan. Duk ƙanƙantar rawar da aka ba ku, ko ta maigadi ce da zai faɗi kalma biyu kacal, ku yi ta da gaske, kuma in kun fara labari ku ƙarasa shi. Akwai wanda ke zaune kusa da rediyonsa yana jiranku.