Kwalbar da Merv Zammit Ya Ɓoye

Da hantsin ranar Talata, 14 ga Mayu, Glenys ta kira ni ta ce mijinta, Merv Zammit, ya cika a kan kujerarsa ta baranda, shayinsa bai ko huce ba. Shekararsa saba'in da tara.

Merv, shekara arba'in gonar rakenka tana jingine da tawa a bakin kogin Herbert. Duk manomin da aladun daji suka yi wa ɓarna, ƙofarka yake bugawa, kuma ban taɓa ganin ka karɓi abin da ya wuce kwalbar giya mai sanyi ba. Da hannunka kake ɗura harsasanka a rumfa, kana auna albarushi kamar mai auna zinariya. Ka sha gaya mana cewa tsohon namijin alade sulke gare shi a kafaɗa, fata mai kauri ga busasshen taɓo, harsashi mara nauyi tarwatsewa yake yi a kai. Shi ya sa duk aladen da ya faɗi sai ka sa wuƙa ka tono harsashin, ka duba ko ya buɗe kamar laima, ka jefa a kwalba da kwanan wata. Muna yi maka dariya, kana cewa, "Ku yi ta yi, 'yan harbin iska. Mataccen alade ba ya ƙarya."

Akwai abin da na daɗe ina haɗiyewa. Wata safiya a 1998 harsasan da ka ba ni suka ƙare, girman kai ya hana ni roƙo, na ɗura na harbin zomo. Muna farauta tare, muka tayar da wani ƙaton alade a cikin rake. Na same shi a kafaɗa, ko gezau bai yi ba. Ya juyo ya farke karyarka Biskit da haure kafin ka kwantar da shi. Ka durƙusa riƙe da kanta, ni kuwa na buɗe baki na ce, "Harsashinka ne bai shiga ba, Merv."

Ka dube ni ka ce, "Haka ne, Col? To, zan duba awon."

Maganar ta zaga gari. Shekara biyu ana zolayarka a mashaya, wasu har suka daina karɓar ɗurinka. Ba ka taɓa musawa ba. Ranar da ruwa ya ci gonata, kai ne ka fara isowa da tarakta. Na sha niyyar faɗa maka gaskiya, kullum sai in ce gobe.

Bayan jana'iza Glenys ta miƙo mini wata 'yar kwalba da ta samo a bayan sauran. Ta ce, "Ungo, Col, taka ce. Ya ce kada in ba ka sai ba ya nan." Ɓarɓashin tagulla ne a ciki, da takarda mai rubutunka: "Harsashin zomo. Na yi asarar kare, ba zan haɗa da maƙwabci ba."

Ashe tun ranar ka tono shi. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina, kuma ina so duk mai karanta wannan ya sani: harsashin Merv bai taɓa cin amanarsa ba, ni ne na ci.

Allah Ya jiƙanka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Glenys, da 'ya'ya Sharon da Darren, da jikoki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, ni ma ku sa ni cikin waɗanda za a yi wa gaisuwa.