Kwatancen Gidan Alƙali

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana, wanda mutanen Makarfi suka fi sani da Malam Alƙali. Ya yi shari'a a Ikara, ya yi a Kudan, amma bai taɓa tashi daga gidan da mahaifinmu ya bar mana ba. Har gobe in ka hau acaɓa ka ce a sauke ka gidan Alƙali, ba mai tambayar ka wanne.

Mu a nan, nuna wa baƙo gida lada ne. Ka tambayi mutum ɗaya, uku su amsa, na huɗu ya ajiye raken da yake sha ya raka ka har ƙofa. Ba mai cewa me ya kawo ka, ai wannan rashin tarbiyya ne.

Haka aka rako wani mutumin Gazara wata la'asar, bayan Yaya ya yanke shari'ar gona ba ta yi masa daɗi ba. Ya zauna a zaure, bai ɗaga murya ba, bai ko ambaci gonar ba. Sai dai ya riƙa tambayar lafiyar 'ya'yan gidan ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da islamiyyar da Hadiza, 'yar Yaya, take zuwa. Yaya ya sa aka kawo masa fura, ya sha, ya tafi. Ni kam na tsorata, na ce, "Yaya, mutumin nan ba gaisuwa ce ta kawo shi ba. Ko za ka koma gidan da gwamnati take ba alƙalai?"

Ya yi dariya ya ce, "Alƙalin da ya ɓoye ƙofarsa, ta ina za a zo masa ta'aziyya?" Amma daga ranar, shi da kansa yake kai Hadiza islamiyya. Taurin kai ne da shi, Allah ya jiƙansa, sai dai ba wawa ba ne.

Hadizar nan ita ce yau majistare. Bara da aka yi bikin ƙaninta, gwaggonninta suka ce dole a san gidan nan bai rasa alƙali ba, aka buga sunanta da lambar wayarta a katin gayyata. Katin ya zaga wayoyin jama'a har inda ba a gayyata ba. Kiran farko na roƙo ne, a sassauta wa ɗan wane. Daga baya wani ya kira, ya faɗa mata kalar kayan makarantar 'ya'yanta, ya kashe waya. Da take ba ni labari cewa ta yi, "Baffa, ba kaina nake ji ba." Na ji tsoro ƙwarai, irin wanda na ji a zauren nan.

Shi ya sa da na ji ana maganar cire adireshin gidajen alƙalai da lambobinsu daga takardun da kowa ke iya dubawa, na ce madalla. Ban san ko Yaya zai yarda ba. Wataƙila ya ce girman kai ne. Amma mutumin Gazara sai da ya tako da ƙafarsa, muka ga fuskarsa. Na yanzu ba fuska, murya ce kawai. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Sai dai takarda ba ta rufe bakin mutanen kirki, kuma mu ne masu kwatancen.

Ran Juma'ar da ta wuce wani ya tsayar da babur a gabana, da damin rake a baya, ya gaishe ni da ladabi. Ya ce, "Baba, don Allah ina ne gidan majistare, 'yar Malam Alƙali?" Hannuna har ya fara ɗagawa da kansa. Na mayar da shi aljihu na ce, "Kotu tana buɗewa ran Litinin, ɗana."

Ya dube ni kamar na hana shi ruwan sha. Wataƙila mutumin kirki ne, kuma abin ya tsaya mini a rai har yanzu. Mutane suna tuna Yaya da buɗaɗɗen zaure, gaskiyarsu. Ni abin da ya rage mini shi ne hannun yarinyar nan a cikin nasa, a hanyar islamiyya. Yaya, ka yafe mini ƙofar da na rufe. Hannun nan ne nake riƙe maka.