Komin da Baba Ya Tarar Babu Dusa

Ku yi mini afuwa, iyayena mata da ke zaman makoki. Ni Wasila ce, 'yar Lukuman mai sayar da hatsi a kasuwar Gusau, ɗaliba a ɗakin karatun Malama Shafa'atu. Ban kai matsayin yin rubutu a kan babba ba, amma akwai maganar da gidanmu ya kamata ya faɗa tun tana raye.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, sha tara ga watan Babbar Salla, shekara ta 1345 bayan Hijira, Allah ya karɓi ran Inna Tambaya, mutuniyar Bungudu, wadda ta zauna a unguwarmu tana kiwata wa mutane ragunan layya.

Inna, kowa ya san turakunki. Ke kika nuna mini cewa tumaki ba ɗaya ba ne. Kin ce uda mai dogayen ƙafafu ta saba da tafiya da rana, 'yar ƙasa kuwa ko me ta samu za ta tsinta ta ƙoshi, amma balami babban jiki gare shi, yana son ci da yawa, kuma ciki ne da shi mai saurin ɓaci. Da safe kashinsu kike fara dubawa kafin ki duba fuskarsu. Lokacin sanyi kikan ƙara musu harawa, domin cinsu yana buɗewa. Kullum na zo aike sai kin ba ni fura, kina cewa, "Sha, ɗiyata, karatu ma ciki shika so."

A bazarar bana Baba ya kai miki farin balami da buhun dusa. Wata rana da azahar ya biya ya duba shi, ina biye da shi. Ya tarar da ragon kwance a rumfa yana haki, kominsa babu komai, tumakinki ƙanana kuwa suna tsintar harawa. Kika ce, "Lukuman, wanga zafi ba ya barin shi ci. Da asuba nika ba shi, sai kuma rana ta yi sanyi." Baba bai saurara ba. A ƙofar gida, gaban maƙwabta, ya ce dusarsa kike ba naki. Ya kwance ragon muka tafi.

A gida muka jiƙa gero mai yawa muka aje masa da rana tsaka, don mu rama abin da muke zaton an hana shi. Ya ƙi ci har yamma, sannan ya cinye duka a zama ɗaya. Washegari cikinsa ya kumbura ta hagu, ya daina tuƙa, yana nishi. Ba wanda ya iya zuwa kiranki saboda kunya. Ke da kanki kika ji labari kika zo. Kika ɗura masa man gyaɗa, kika ɗora ƙafafunsa na gaba a kan turmi, kina murza cikin har ya yi gyatsa. Kafin ki tafi kika ce wa mahaifiyata, "Harawa kaɗai da ruwan kanwa, har sai kun ga ya koma tuƙa." Ba ki ambaci abin da aka yi miki ba.

Amma magana ta riga ta fita. Mutane suka kwashe ragunansu daga gidanki, har 'yan'uwanki na Tsafe suka ji a kasuwa. Ranar Salla Baba ya ba ni cinyar ragon, ya ce in kai miki, in faɗa a gaban jama'a cewa shi ne da kuskure. Na tarar da tsakar gidanki cike da mata. Na durƙusa na ce, "Ga shi in ji Baba," na fita da sauri ban isar da sauran saƙon ba. Na ce a raina zan koma bayan Salla, sai zazzaɓin ajalinki ya riga ni.

To yanzu ku ji, ku da ke zaune: Inna Tambaya ba ta taɓa dusar kowa ba. Baba ne ya ce in rubuta haka da sunansa. Jiya da kansa ya kai 'yan raguna biyu ya ɗaure a turakun 'yarta Rabi, wadda ta koyi kiwon a hannunta, kuma da shi za ta ciyar da ƙannenta.

Ya Allah ka jiƙan Inna, ka sanyaya makwancinta kamar yadda ta nema wa dabbobi inuwa, ka sa Aljanna ce makomarta. Yaya Rabi, da ƙaninki Usman, da dangi na Bungudu, Allah ya ba ku haƙuri. Ku yafe mana.

Yaya Rabi, in kin yarda, zan sake rubuta wata takardar a kai Tsafe. Can ma maganar ta kai, kuma can ba su ga ragon ya miƙe ba.