Ranar da Inna ta hana a danne Sani

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Rabi, Allah ya jiƙanta. Lokacin da ta rasu ko sunana ban iya rubutawa ba. Yanzu da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci, na ga gara in rubuta abu guda a kanta da hannuna.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, "wannan yaron" take cewa. Ina yaro a Barmou, matauni ya ruɓe mini har kumatu ya kumbura. Ranar kasuwa aka kira mai cire haƙori ya zo gida da awartakinsa. Baffana ya zauna mini a ƙafafu, wani maƙwabci ya riƙe hannuwa, aka sa mini kan muciya tsakanin haƙora don kada in rufe baki. Ina ta neman Inna da ido. Tana bakin murhu, ta juya baya tana hura wutar da ke ci sarai. Kunyar ɗan fari ba ta bar ta ta matso ba.

Zafin bai daɗe ba, amma tsoron ya zauna. Na girma, na dawo Tahoua, na yi iyali, ban yarda kowa ya leƙa bakina ba. Sai kanumfari da ruwan gishiri, haƙori ya yi ta ciwo har ya faɗi don kansa. Yau da ɓangare guda nake tauna nama.

Da ɗana Sani ya kai shekara bakwai, shi ma haƙori ya kama shi. Na yi ta jan ƙafa, sai Inna ta ce a tafi gidan likita, kuma ƙafarta ƙafarmu. Jika ba kunya tsakaninsa da kaka. "Maigidana" take ce masa, tana tsokanarsa cewa ba ta zama da miji mai wawulo.

Sani na ganin kujerar nan da fitila a kanta ya fasa kuka. Layi ya yi tsawo, likitan ya gaji, ya kira ma'aikata biyu su riƙe shi. Ni kuwa na ja baya, na jingina da bango. Inna ta shiga tsakani.

"Likita, ba a danne mini maigida. An danne wannan yaron a gabana, ga shi nan da gemu yana rawar jiki."

Likitan ya ce ba shi da lokacin lallashi, in ba a riƙe ba sai dai mu tafi. Ta ce to a fara da ita. Ta hau kujerar, ta buɗe baki, ta sa Sani ya riƙe ɗan madubin ya ƙirga haƙoran da suka rage mata. Har likitan ya yi dariya. Ranar magani kawai aka ba mu. Da muka koma, a kan cinyarta yaron ya zauna, an yi sharaɗi in ya ɗaga hannu a dakata. Ya ɗaga, aka dakata, ya sauke da kansa. Aka yi allura, aka cire.

A hanyar gida ba ta dube ni ba. Sani ta faɗa wa cewa ubansa ya fi shi ƙoƙari, don shi uban ba wanda ya zauna kusa da shi ranar da aka cire nasa. Iyakar abin da ta taɓa faɗi ke nan a kan waccan rana, kuma ya ishe ni.

Da tana raye, da ta ji daɗin ganin likitocin da ke nuna wa yara kayan aiki kafin su taɓa su. Da kuma ta yi faɗa, don har yanzu akan ji kukan wanda aka danne ta bayan ƙofa. Na san akwai ciwon da ba ya jira, ban zargi kowa ba. Amma yawancinsu suna iya jiran kwana biyu.

Inna ba ta bar gona mai girma ba, abin da ta bari yana jikin Sani. Da damanar nan autarmu Nana ta kwana biyu ba ta iya tauna, shi ya ɗauke ta a babur zuwa gidan likita. Na tambaye ta da suka dawo ko an riƙe ta. Ta dube ni da audugar a baki, ta ce, "A riƙe ni don me, Baba?"