Fitilun Abba a Shanyar Inna

Yaya Bilki, wani mafarki na yi daren jiya, kuma abin da na fara gani a cikinsa takalman kakarmu Inna ne a bakin zauren tsohon gidanmu na cikin gari. Silifas ɗinta masu ruwan ƙasa, waɗanda ta ɗaure igiyar ɗaya da zaren buhu. Ɗaya a kife yake. Na sa ƙafa na birkice shi kamar yadda ta koya mana, sannan na yi sallama. Ba wanda ya amsa.

Kafin in ci gaba bari in gaya miki abin da ke faruwa a gida, don tun da kika koma makaranta Zariya ba ki san komai ba, Umma kuma ba za ta faɗa miki a waya ba. Inna ba ta jin daɗin sabon gidan nan. Idonta ya ƙara rauni, ta ce tsakar gidan duk iri ɗaya ce da duwatsun intalok ɗin nan da aka shimfiɗa, ƙafa ba ta da abin da za ta gane. Ranar nan bayan magariba ta yi tuntuɓe da bakin dandamali tana neman famfo, ta kurje gwiwa. Tun daga ranar, rana na faɗuwa take shigewa ɗaki, ni nake kai mata buta. Hirar waje ta mutu. Abba ya sayo fitilun sola kwali guda, irin masu tsini da ake sokawa a ƙasa, kansu kamar murfin kwano da ɗan baƙin gilashi a sama. Ya ajiye biyu a rana don gwaji. Inna ta fito ta gan su, ta kwashe su ta kai inuwa ta rufe da faifai, wai sabon abu mai tsada ba a yasar da shi a rana. Da dare suka ƙi kamawa, Abba ya yi ta faɗa wai an sayar masa da jabu, sai Umma ta ɗaga faifan. Kowa ya yi dariya, har ni. Inna ma ta yi, amma washegari ta sa aka kira mata ƙaninta Kawu Sale ta ce ya zo ya ɗauke ta ta koma wajensa ƙauye. Gobe Asabar Abba zai kafa fitilun, ya ce a bakin get da gefen hanyar mota zai jera su. Umma tana so a bakin kicin. Kawu kuma ya ce yana nan tafe ƙarshen makon nan.

To a mafarkin, ina sanye da kayan makaranta, kwalin fitilun yana kaina a kan gammo kamar mai talla. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na shiga zaure, sai na ga ya fi yadda na san shi tsawo, ina ta tafiya bai ƙare ba. Ƙusar nan da ake rataye fitilar ƙwai tana nan a bango, da baƙin hayaƙin da ya yi sama da ita kamar ganyen mangwaro. Na taɓa shi, ya shafa mini a yatsa. Ƙamshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa aka share yana ta zuwa daga ciki.

Sai kawai na gan ni a tsakar gida, hantsi ya yi. Ko'ina shanya ce. Kuɓewa yankakkiya a tabarma, barkono a buhu, ganyen kuka a kan tsohon zani, har kan murfin rijiya an baza daddawa. Inna tana zaune a kujerarta 'yar tsugunno, ba ta tsufa kamar yanzu ba, haƙoranta na gaba duk suna nan da jan goro. Zare take zurawa a allura, kuma sau ɗaya ta zura ya shiga.

Ta ce, "Takwara, yau kuma tallan me aka ɗora miki?"

Na buɗe baki, magana ta ƙi fita.

Ta ce, "Wannan baki naki dai sai cin tuwo. Sauke mu gani."

Na sauke. Ta leƙa kwalin, ba ta yi mamaki ba, kamar kullum tana ganin irinsu. Ta ce, "Ai ɗanyu ne. Juye su a shanya, tun rana ba ta wuce rijiya ba."

Na juye su a kan tabarma. Suka zubo da yawa, sun fi abin da kwalin zai ɗauka, suna ƙara kamar cokula. Inna ta sa hannu tana baza su tana juya su yadda take wa kuɓewa, kowace ta mai da baƙin gilashinta sama. Wata ta gangara ƙarƙashin turmi, ta ce in ciro ta, wadda ta kwana a inuwa ruɓewa take yi. Daga nan muka kama bakin tabarmar, ita gefe ni gefe, muna ja muna bin rana. Kin tuna yadda take yi? Da safe jikin bangon turken awaki, da azahar tsakiya kusa da rijiya, da yamma can gindin dakalin ɗakin kakanmu Baba Tsoho inda rana ke yin sallama. A mafarkin ranar sauri take yi, muna ja tana guduwa, Inna tana dariya tana cewa in ɗaga ƙafa, wai tafiyata kamar ta mai ciki wata tara.

Na ji muryar Abba daga bayan katanga yana cewa, "A jera su a bakin get, a bar taku uku-uku tsakani." Na waiga. Tsohon gidan ai ba shi da get, ƙyauren langa-langa ne da sakata. Inna ba ta ko ɗaga kai ba. Muryar ta sake faɗa, sannan ta yi nisa kamar rediyon maƙwabta.

Sai kawai aka kira magariba. Muryar ladanin nan ce na masallacin bakin lungu, wanda yake tari kafin ya fara, wanda ya rasu tun ina aji uku. Ya yi tarin nasa kuwa. Shanyar duk ta ɓace, ba kuɓewa ba barkono, sai fitilun a cikin hijabina na tattaro su, suna da ɗumi kamar ƙwan da aka ɗauko daga akurki. Inna ta miƙe ta ce, "To, dasa."

Na fara kai ɗaya gindin darbejiya, wajen da muke shimfiɗa tabarma ana tatsuniya, inda kike yin barci tun ba a kai rabi ba ki ce idonki biyu. Nan na fi so ya yi haske. Na soka ta, ta kama, ta yi ja-ja, ta mutu. Na cire na sake sokawa, haka. Na ɗaga kai na ga ganyen ya rufe sama ruf, ko tauraro ba a gani. Inna ta ce, "Gobe me za ta ci a nan?" Na matsar da ita gaba kaɗan, wajen da inuwar bishiyar ta ƙare, daidai kan saiwar nan da ta fito ƙasa wadda ta sha fasa mana yatsa. Ta kama ta zauna. Hasken ya kai har gindin bishiyar, ba da yawa ba, daidai a ga fuskar wanda ke kusa.

Ta biyu na ɗora ta a kan katangar banɗaki, sama, tana kallon ƙofar ɗakin Inna. Ta yi haske sosai, fari fat. Inna ta kare fuska da gefen mayafi ta ce, "Ke, ƙafata za ki haska ko idona?" Na sauko da ita ƙasa, daidai kwanar da ake juyawa. Sai na ga wani abu da ban taɓa lura da shi ba duk zamanmu a gidan. Akwai hanya a tsakar gidan. Ƙasar ta lotsa ta yi sumul, siririya, faɗin ƙafa biyu, daga ƙofar Inna zuwa rijiya, daga rijiya zuwa madafa, daga madafa ta lanƙwasa ta bayan turmi zuwa banɗaki. Da rana ba a ganinta. Hasken da ya kwanta a ƙasa ne ya fito da ita.

Na bi hanyar ina dasawa. Ɗaya a bakin rijiya ta gefen da ake ajiye guga. Ɗaya a wajen kwatar da ruwan wanke-wanke ke bi, inda kullum akwai santsi. Ɗaya a matakalar zaure, wadda ta fi 'yar'uwarta tsayi. Inna tana bayana, ba ta riƙe da sanda, hannuwanta a baya, tana 'yar waƙarta ta daka a hanci. Ba ta ce mini nan ko can ba, amma duk inda ta rage sauri sai in ji waƙar ta tsaya, ni kuma in durƙusa in soka. Ƙasar tana karɓa da sauƙi kamar bayan ruwan sama. Na ji ƙarar kwanuka daga madafa, na ji dariyarki, na ji Umma tana kiran a zo a ɗauki tuwo, amma ban ga kowa ba.

Sai kawai ƙasa ta fara sauyawa. Intalok ne yake tahowa daga zaure, ɗaya bayan ɗaya, kamar ruwa yana malala. Ya rufe matakala, ya rufe kwata, ya hau kan rijiya ya shafe ta. Duk fitilar da ya iso sai ta faɗi. Bangon ƙasa ya koma fari da fenti. Darbejiya tana nan amma a tsakiyar inda Abba ke ajiye mota, gidajen biyu sun hau kan juna. Na duba na ga fitilun duka sun koma bakin get, a jere, taku uku-uku, suna haska titi. Sun yi kyau ƙwarai, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Masu wucewa suna tsayawa suna kallo, har wata akuya ta kwanta a tsakaninsu tana tuƙa. Cikin gida kuma ko tafin hannuna ba na gani.

Inna tana bakin ƙofar ɗakinmu na yanzu, ta koma yadda take, da ƙullin kaya a hammata. Ta ɗaga ƙafa ɗaya za ta taka, ta tsaya a haka, ba ta sauke ba. A waje ana ta danna hon, irin na babur ɗin Kawu mai shaƙaƙƙiyar murya. Na lalubi hijabina na ji saura fitila ɗaya, har yanzu da ɗuminta.

A nan ne maganata ta fita. Na ce, "Inna, ina zan sa wannan?"

Ƙafarta tana nan a sama.

Na ce, "Inna, ɗaya ce ta rage."

Ta ce, "Rana ta wuce rijiya," alhali babu rijiyar.

Na durƙusa gabanta ina soka tsinin, yana zamewa a kan siminti. Na bi tsakanin duwatsun da farce ina neman inda yashi ya fito. Hon yana ta ƙaruwa. Can na samu wata 'yar tsaga a gefen dandamali, na sa tsinin, na danna da hannu biyu, na ji ya fara shiga. Ban ga ko ta kama ba. Na farka.

An idar da asuba. Inna tana kan dadduma tana jan carbi, jakar kayanta tana jingine a bayan ƙofa, ta ɗaure bakin da ɗankwali saboda zif ɗin ya lalace. Ta ce, "Takwara, da wa kike dambe a barci? Kin kusa yage mini gidan sauro." Na ce ba kowa. Na duba yatsana ko baƙin hayaƙin yana nan.

Ban gaya mata ba. Malamarmu ta islamiyya ta ce mafarki mai kyau a faɗa wa wanda ake so, mummuna kuma a yi shiru da shi, ni kuwa ban san wanne ne wannan ba, farkonsa daɗi ƙarshensa ban gane ba. Shi ya sa na rubuto miki. Me yake nufi a ga tsoho ya koma da ƙarfinsa a gidan da aka riga aka rushe aka yi shaguna? Ƙafar da ta ɗaga ba ta sauke ba fa, tafiya ce ko zama? Ko dai kawai maganar fitilun ce ta cika mini kai na kwanta da ita? Idan kin san wata a ɗakinku da ta iya fassara ki tambayar mini, amma kar ki ce ni ce.

Da zan tafi makaranta na tarar da Abba a tsakar gida yana goge gilashin mota, kwalin yana ajiye a bakin get. Na gaishe shi na wuce, har na kama ƙofa, na dawo na tsaya a bayansa ina murɗa igiyar jakata. Kin san ni da Abba, sai in yi sati ban haɗa masa jimla biyu ba. Ya juyo ya ce, "Mamana, lafiya? Ko an kore ki ne tun ba ki je ba?"

Na ce ina kallon tayar mota, "Abba, don Allah kar a kai su get duka. Ka bar mini rabi yau su wuni a rana, in an yi magariba in riƙo hannun Inna mu taka daga ɗaki zuwa famfo, duk inda ta tsaya in ajiye ɗaya. Kuma ka ce wa Kawu ya ɗan dakata tukuna."