Idan Na Fasa Fa?

Ku da kuka zauna da Kawu Ɗanlami a unguwar Al Sadd ta Doha kun san ko kwalin dabino bai taɓa saye ba sai ya tambaya, "Idan na fasa fa?" Mota ma ba ya ajiye ta sai hancinta na kallon titi. A wurinsa kowa ɗan damfara ne, har ni ɗan ƙanwarsa.

Ranar rigakafin korona ya riƙe hannun rigarsa gam, ya ce da nas ɗin, "'Yata, idan ba ta karɓe ni ba, kuna zuƙe abarku?" Ta ce babu wannan. Ya harare ni: "Ka ji ko? Shiga babu fita, tarko ke nan!"

Amma tarkon da ya kama shi da gaske kuɗin ritayarsa ne na Amurka, inda ya yi aikin injiniya kafin Doha, waɗanda ya ware don gina wa matarsa Anti Hajara gida a Gusau. Akwai asusun da kake mayar da kuɗin ciki, ka biya haraji yanzu, daga baya babu. A da, in kasuwar hannun jari ta faɗi, sai ka juya abinka tsohon asusu, a soke harajin. Wannan ƙofar ce ta ja Kawu ya mayar da nasa. Korona ta zo, kasuwa ta rufta, ya buga wa masu asusun waya zai juya. Aka ce an daɗe da canza doka, ba a juyawa.

"Wa ya canza? An tambaye ni?"

Ya kashe waya, ya ce muryar nan ta ɓarayi ce. Ya sake bugawa, wallahi da muryar tsohuwa! Amsa dai ɗaya. Haka ya biya harajin yana huci.

Tikitin kofin duniya kuwa ni ya bar wa, wai kujerar tana tsakiyar layi. "Idan na fasa, kan mutum nawa zan taka?"

Bayan gasar ne ciwo ya kwantar da shi. Kasuwa ta riga ta farfaɗo, an soma ginin Anti, babu harajin da ya hau kanta. A asibiti na tsokane shi don kada in yi kuka: "Kawu, idan ka fasa fa?"

Ya yi murmushi. "Khalas, magana ta ƙare, yaro. Wannan dokar ba a taɓa canza ta ba."

Ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa shi a gidan da ba zai so fita ba.