Ranar da Inna Ta Kau da Kai

"Tsaya haka, tsoho, kar ka motsa." Abin da jikata take ce mini ke nan duk ranar Sallah, in ta ɗaga wayarta ta saita mini fuska. Ba ta san abin da maganar nan take tono mini ba. Da na ji ta sai in koma yaro, ina tsaye a tsakar gidanmu na ƙauye kusa da Jajaye, ƙamshin ɗanyar gyaɗa ya cika ko'ina, wani baƙo ya ɗaga hannu sama yana cewa kar kowa ya motsa. Mai karatu, ni karatuna bai yi nisa ba, ban iya ado da magana ba. Zan faɗa maka abin yadda ya faru, har da inda ban kyauta ba.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba. A zamaninmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta jan shi a jiki a gaban mutane. Tun da aka yaye ni aka mai da ni ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, can na tashi, ko da yake ƙofofin ɗakunan biyu suna kallon juna. In Inna za ta aike ni, sai ta dubi turmi ko bango ta ce, "A ce wa yaron nan ya kawo itace." Ƙanwata kuwa kullum tana jikinta, a goya ta, a yi mata rawa, a yi mata waƙa. Ina gani, ina haɗiyewa.

Na sha kai ƙara wurin Kaka cewa Inna ba ta so na. Sai ta yi dariya har haƙorinta ɗaya da ya rage ya bayyana, ta ce, "Ji mijin banza! Ga matarka a zaune kana neman wata? Kunya ce, sakarai, ba ƙiyayya ba. Wa kake tsammani yake ajiye maka ƙanzon da kake gurgura da safe?" Ban yarda ba. Abin da idona ya nuna mini shi na riƙe.

A wata kaka, lokacin Turawa na nan, ƙanin Inna ya zo mana daga Karaye. Kawun nan nawa bai daɗe da dawowa daga soja ba, yana tafiya da wani takalmi mai nauyi ko da zafin rana. Ya ɗauke ni muka tafi kasuwar Rogo. Shekarar an yi gyaɗa sosai, jakuna sai shigowa suke yi da buhuna, ana ta awo a gaban kanti. A gindin wata tsamiya muka ga mutane sun yi da'ira. Da muka kutsa sai ga wani mutumin kudu da akwati mai ƙafa uku, an rataya masa baƙin ƙyalle a baya. Ya jingina wani allo a jikin bishiyar, ya manna hotunan mutane a kai, don mai wucewa ya ga aikinsa ya yi sha'awa. Akwai na wani ɗan kasuwa riƙe da laima, akwai na wani ɗan doka ya gimtse fuska. Ban taɓa ganin mutum a takarda ba sai ranar. Na leƙa bayan allon ina neman sauran jikinsu, mutane suka yi ta mini dariya.

Ashe Kawu ya san mai hoton tun a bariki. Kuma Kawu ya samu aikin reluwe a kudu, bai san ranar dawowa ba, yana son ya tafi da fuskar yayarsa a aljihu. Da ya kawo maganar gida, Baba ya murtuke. Ya ce shi dai ba mai sa shi a takarda, kuma ta yaya baƙon namiji zai shigo masa har tsakar gida? Kaka ce ta raba gardamar. Ta ce, "Ni zan tsaya a wurin. In ya kalle ta ya wuce ƙa'ida, ga muciya." Baba ya saɓi fartanyarsa ya yi gona, wato ya yarda ke nan ba tare da ya faɗa ba.

Washegari da hantsi mai hoton ya iso, Kawu na ɗauke da akwatin. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gai da Kaka da Hausarsa ta bariki, ta amsa tana harararsa. Ya ce kasuwa ta cinye masa takardu, abin da ya rage na hoto ɗaya ne, don haka a kiyaye. Ya warware wani babban ƙyalle ya rataya a jikin rumbu. Shi ya zana shi da hannunsa, in ji shi: gidan bene mai matakala, da tukunyar furanni, da wata mota ja a gefe. Kaka ta dube shi ta ce, "To, yau surukata ta yi gida. Ɗana ya huta da yaɓe."

Inna ta fito. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ta ɗaura zanen saƙi na aurenta, ta sa kwalli, ga lalle ja a hannu, ga murjani a wuya. Aka ajiye mata kujera 'yar tsugune a gaban gidan benen. Ƙanwata ta sha nono ta yi barci a cinyarta. Ni ma Kawu ya zura mini wata taguwarsa, ta yi mini yawa har tana jan ƙasa, na ɗauka da ni za a yi.

Mai hoton ya yi mana bayani. Ya ce in ya cire murfin idon akwatin, kowa ya daskare har sai ya mayar. Ya ce, "Abin da ya tsaya shi yake fita. Abin da ya motsa hayaƙi yake zama."

Nan Kaka ta jawo ni gefe, ta yi ƙasa da murya. Ta ce, "Maigida, kai zauna nan kusa da ni. In kana gefenta ba za ta iya ɗaga kai ba, ka sani. Bari a samu fuskarta. Baɗi in ya dawo, ni da kai za a ɗauka, ango da amarya."

Na ce to. Wallahi na ce to, kuma na fahimci abin da take nufi sarai. Ba zan fake da ƙuruciya ba.

Mutumin ya shiga cikin baƙin ƙyallen, ya daɗe yana gyare-gyare, yana cewa a ɗaga haɓa kaɗan. Inna ta ɗaga. Daga inda nake zaune na ga tana kallon akwatin kai tsaye, da ɗan murmushi, ga ƙanwata a jikinta. Na ga za a sa su a takarda su biyu, su tafi kudu su biyu, har abada su biyu, ba ni. Da mai hoton ya fito daga ƙyallen ya ɗaga hannu, sai na fizge daga wurin Kaka, na ruga na manne a kafaɗar Inna, na ƙame kamar turke.

Kaka ta ce, "Kai! Dawo nan!" Kawu ya yunƙuro. Amma baƙon bai san al'adarmu ba. Ya ce, "A bar shi, a bar shi, ɗa da uwa, ya yi kyau. Kar kowa ya motsa!" Ya cire murfin.

Inna ta yi ƙoƙari, yanzu na san ta yi. Amma ga ƙaninta, ga surukarta, ga baƙo, ga ɗan fari manne da ita. Kafin a mayar da murfin, a hankali ta kau da kai gefe.

Mai hoton ya zura hannu cikin akwatin ta wani hannun riga da aka ɗinka a jiki, yana wanke takardar a ciki. Wani wari mai tsami ya tashi, har yau ina jin sa a hancina. Ta farkon da ya fitar, fuskokinmu fari fat, fararen kaya sun koma baƙi, Kaka ta yi salati ta ce ya mai da mu aljanu. Ya yi dariya ya ce a dakata, ya kafa ta a gaban akwatin ya sake ɗauka. Da ya tsamo ta biyun daga ruwa sai dariyarsa ta ɗauke. Ga gidan bene, ga mota. Ga ƙanwata tana barci. Ga ni, tar, har zanen gashin girata. Inda fuskar Inna take kuwa, hayaƙi ne kawai, sai ɗan gefen kunne.

Ba wanda ya dake ni. Da ma an dake ni. Na karɓi takardar da jiƙonta na duba, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Ko a takarda ma ba ta son gani na."

Inna ta tashi. Ta miƙa wa Kaka yarinyar, ta shiga ɗaki ta cire murjanin, ta fito ta kama daka. Kawu ya juya hoton ya juya, ya ajiye wa Kaka, ya ce a bar shi nan, baɗi a sake. Ya tafi kudu hannu wofi.

Ni kuma na ɗauki gaba. Yaro da uwarsa, ka ji. In ta ce a ce wa yaron nan ya kawo ruwa, sai in yi kamar ban ji ba. Ƙanzon safe na daina taɓawa, ya bushe a ƙwarya kaji su cinye. Haka muka ƙare rani.

Da bazara ta kama, zafi ya yi tsanani, sanƙarau ya shigo ƙauyukanmu. Ya kama Inna. Aka ce a kwashe yara a kai su gidan baffanmu. Kafin mu fita Kaka ta ce in je bakin ƙofa in yi mata sannu. Na je na tsaya bayan asabari, na ce "sannu" can ƙasan maƙoshi, na juya ban jira amsa ba. Ban sake ganin ta ba. Bayan an yi sadakar bakwai Kaka ta gaya mini cewa da na juya, Inna ta buɗe ido ta ce, "Yaron nan ya ci abinci kuwa?"

Mai hoton ya dawo da kaka ta zagayo. Na hango allonsa a gindin tsamiya, na canza hanya.

Ga abin da ban taɓa zato ba: fuska tana gogewa. Da na girma na nemi fuskar Inna a zuciyata na rasa. Ina tuna ƙeyarta, da kunnenta, da yadda take karkata wuya, domin abin da na fi gani ke nan. Ƙanwata ta rayu har ta ga jikoki, kuma ba ta daina tambaya ta ba: "Yaya, da wa take kama?" Sai in ce da ke. Ban sani ba ko gaskiya ne. Ni na hana ta sani, ni na hana Kawu, ni na hana kaina. Hoton na jefa shi ƙasan adaka, in na ɗauko shi ma hayaƙin nan kawai nake kallo, in mayar.

Bara jikar nan tawa tana gyara mini kaya ta ci karo da shi. Bai fi tafin hannu ba, ya yi ja, gefensa ya cinye. Ta ɗauke shi da wayarta, ta sa yatsu biyu tana buɗa shi yana ƙara girma. Ta yi mini tsiya a kan taguwar, ta ce ashe tun ina yaro nake sa kayan aro. Can sai ta ƙura wa wayar ido. Ta ce, "Tsoho, wa ke riƙe da rigarka?"

Ta matso mini da shi daf da ido. A ƙasa, gefen kujerar, inda inuwar zanenta ta faɗa, ga hannun Inna. Ya fita sarai, har duhun lallen. Ta naɗe gefen taguwata a yatsunta ta damƙe. Rigar ta yi mini yawa, shi ya sa ban ji ba. Fuskarta ta gudu, amma hannun nan bai motsa ba ko kaɗan, tun daga cire murfi har mayarwa.

Wataƙila wani ya ce ta riƙe ni ne kawai don kar in yi motsi in ɓata hoton. To, ko da hakan ne, ai so ta yi in fita.

Yanzu zamani ya canza. 'Yata tana kiran ɗanta na fari da sunansa tun daga ƙofar gida, ta rungume shi a gaban kowa, su ɗauki hoto su goge su sake har sai ya yi musu. Ban ce sun yi laifi ba. Mu dai sau ɗaya aka cire mana murfi. Na sa an wanke mini wurin hannun nan shi kaɗai, babba, na rataya inda nake salla. In na idar ina roƙa mata gafara, ina roƙa wa kaina. Wani lokaci kuma, in ba kowa a ɗakin, sai in amsa mata tambayarta. In ce, Inna, na ci.